Ɗinkin Bahago

Sabi'u ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a Tudun Kaya aka yanke mana cibiya. Bahago ne tun yana rarrafe. Inna ta sha kwaɗa wa hannun nan muciya don ya koma dama, ina! Da shi ya koyi ɗinkin buhu da basilla, wani karkataccen ɗinki mai ƙulli biyu a ƙarshe. Da kaka, manoma har daga Zoza suke aiko masa ya ɗinke musu buhunan masara, don ɗinkinsa ko tsaba ɗaya ba ya zubarwa.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a shagon takin Alhaji Lado a kasuwar Karaye. Shi ne mai sayarwa, shi ne ɗan dako, shi ne mai shara, a kan albashin da ba ya kai iyalinsa tsakiyar wata. Alhaji kuwa yana can Kano a bene, sai dai waya.

Bana taki ya yi tsada, sai Alhaji ya bugo: a farke kowane buhu, a kwashi kwano huɗu, a cike da yashi, a ɗinke. Na ce, “Sabi'u, ka ji tsoron Allah!” Ya ce, “Yaya Kande, 'ya'ya biyar gare ni. In na ƙi, gobe wani ne a shagon.” Haka ya zauna ya ɗinke su tsaf, wawan Allah, da ɗinkinsa na kullum.

Masara ta yi rawaya a gonaki. Ranar kasuwa ina tuyar ƙosai kusa da shagon, sai ga Shitu, wani manomin Zoza da Sabi'u ya sha yi wa ɗinki, da mutum bakwai a bayansa. Ko sallama babu. Ya jefa masa buhun taki a fuska.

“Kalli bakin buhun nan. Kamfani na yin ƙulli biyu?”

Sabi'u ya ce, “Malam Shitu, wallahi sa ni aka yi.”

“Wanda ya sa ka ba mu san fuskarsa ba. Hannunka muka sani.”

Suka finciko shi waje, suka rufe shi da duka har jini ya wanke masa riga. Na taho da gudu ina ihu, wani ya hankaɗe ni na faɗa kwata. Biyu suka danne shi, suka shimfiɗa hagun a kan benci. Shitu ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke, sau uku. Har yau in ana faskare a gida, tashi nake in bar wajen.

Likita ya ce yatsun ba za su ƙara riƙe basilla ba. Inna ta zauna bakin gadon tana shafa bandejin tana kuka, hannun da ita ta fara duka.

Alhaji ya zo kwana uku bayan haka, cikin mota mai baƙin gilashi. Ya ce wa 'yan sanda shi bai san komai ba, ma'aikatan yanzu ba amana. Ko asibitin bai leƙa ba, Allah ya isa!

Makon jiya na leƙa shagon. An ɗauki sabon ma'aikaci, yashi na nan a lungu an rufe da tamfol. Alhaji ya sayo injin ɗinkin buhu, irin na kamfani sak.