Buhun waken da ƙyallensa ya faɗi

Shekarun baya, ina shagona na ɗinki a Dungas, saƙon murya ya shigo wayata daga wata baƙuwar lamba. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙyuyar sauraren saƙo. Sai da na gama wuyan wata riga, wajen azahar, na danna.

Muryar wani tsoho ce, yana haki: "'Yar nan, kada ki ɗora! Jan ƙyallen ya faɗi. Buhun da na aiko miki na iri ne, da magani a ciki. Don Allah kada yara su ci."

Da farko dariya na yi, ni da gemuna an ce mini 'yar nan. A ji na biyu dariyar ta ɗauke. Ɗan manomi ne ni, na san ana barbaɗa wa waken iri maganin ƙwari a ɗaura masa alama. Tsohon ya aika wa 'yarsa guba, gargaɗin kuma ya faɗo hannuna tun hantsi.

Na kira lambar, ba rezo, kiran bai shiga ba. Na sake kira, haka dai. Ban san shi ba, ban san ta ba, ko garin bai faɗa ba.

Abokina mai shagon kusa ya ce, "Buhu ai ba ya tafiya da ƙafarsa. Je ka tashar kabu-kabu."

Da gudu na je, awon ɗinki rataye a wuyana. Na yi ta kunna wa 'yan kabu-kabu saƙon ɗaya bayan ɗaya. Can wani ya miƙe zumbur. "Wallahi tsohon nan ne na ƙauyen Kwaya! Ni na kawo buhun da safe. Hau, malam!"

Duk hanya ba abin da nake gani sai yara zagaye da kwano. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba.

Ko sallamar kirki ba mu yi ba muka faɗa gidan. Tukunya na kan murhu, wake ya nuna, matar na riƙe da ludayi, 'ya'yanta uku sun jera da kwanoni.

"Lafiya, bayin Allah?" ta ce.

Sai na kunna saƙon na miƙa mata wayar. Tana jin muryar ta ce, "Baba!" Ludayin ya faɗi, ta zauna a ƙasa ta janyo yaran jikinta. Ba wanda ya kai ga ci. A bayan gida muka haƙa rami muka binne waken.

Daga baya na ji a bangon ɗakinsa tsohon ya sa aka rubuta masa lambar 'yar tasa da gawayi, damina ta goge lamba ɗaya a ciki, aka cike da ka, sai ta zama tawa.

Har yau waya ta yi ƙara, ko ina tsakiyar ɗinki sai na ɗaga ƙafa daga keken. Mutane na yaba mini, ni kuwa na san abin da na sani: ranar, saura hannun rigar ban ɗinka ba, kuma na so in fara gama shi kafin in saurari saƙon.