Gwangwanin Maharbi a Akwatinmu na Makka

A shekarun da wannan abu ya faru ni maƙeri ne a Tsohon Birnin Gwari, ina da shekara talatin da 'yan kai, ina kuma ji da kaina yadda duk mai hannun aiki ke yi. Garma da fartanya da lauje ni ake kawo wa, maharban da ke shiga dajin Kamuku ma ni ke gyara musu bindiga in kunamarta ta lalace. Ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba Allah ya hore mini abin da zan kai mahaifiyata aikin Hajji. Tun rasuwar mahaifinmu Inna ba ta da burin da ya wuce ta ga Ka'aba da idonta, ga shi gwiwoyinta sun fara gazawa, sai da sanda take zagaya gida.

Tsoro ne ya fara jefa ni cikin kuskure. Waɗanda suka riga mu zuwa sun cika mana kunne da labarin akwatunan da ake fasawa a hanya. Na sayo babban akwatin ƙarfe, na dubi kwadon kanti na raina shi. Sai na ƙera maɗaurai biyu masu kauri da za su zagaye akwatin, da niyyar in haɗa bakinsu da ƙusa in daddake kanta, yadda ba mai buɗe shi sai da kurfin yankan ƙarfe da guduma. Na ce in mun isa zan nemi aro in yanke. A ciki muka zuba haramina da bargon Inna da garin kunu da kuka da daddawa, wato duk abin da za mu rayu da shi a can.

Da safiyar ranar tafiya wani dattijo ya zo mana sallama. Bagware ne Kirista daga wajen Kusasu, tsohon maharbi, sun san juna da Inna tun ban zo duniya ba, in sun zauna hira rabi Gwari rabi Hausa suke yi. Ya miƙo mini wani gwangwani naɗe cikin tsumma, ya ce maganin gwiwa ne, a riƙa kwaɓawa da man kaɗanya ana shafa mata. Hankalina na kan motar da ke jiranmu. Na yi godiya, na cusa shi ƙarƙashin bargo ban ko kwance tsumman ba, na rufe akwati na buga ƙusoshina.

Kwana uku muka yi a sansanin alhazai kafin a kira jirginmu. Da muka isa filin jirgi sai aka yi shela cewa kowane akwati sai an buɗe an duba kafin a ɗora shi, saboda a lokacin ana ta jin labarin masu ƙwace jirage a wasu ƙasashe. Da layi ya zo kanmu, ma'aikacin da ke bayan dogon tebur ya tambaye ni ko ni na haɗa kayan da hannuna, kuma ko na san duk abin da ke ciki. Na ce ƙwarai, har na ƙara da wallahi. Ya ce in kawo mabuɗi. Na ce ai babu mabuɗi. Ya zagaya akwatin yana kallon aikina, mutanen da ke bayana suka fara dariya. Ya ce ko dai a buɗe, ko a bar shi a nan. Shi da kansa ya aika wajen makanikan da ke gyaran motocin filin aka aro mini kurfi da guduma. Na durƙusa a gaban jama'a ina yanke abin da na kwana biyu ina ƙerawa, gumi na zuba mini a ido.

Da akwatin ya buɗe, ma'aikacin ya ɗaga bargo ya ci karo da gwangwanin. Da ya ɓalle murfin sai ga baƙin gari cike har baki. Nan take fuskarsa ta canja, ya kira babbansu, 'yan sanda biyu suka tsaya a gefena. Ni kuwa ina gani na gane gwangwanin. Irinsa ne sak dattijon nan ke zuba albarushi a ciki, na sha ganinsa a maƙerata in ya kawo gyaran bindiga. Na kuma san idonsa ya fara raunana. Ba abin da ya zo mini a rai sai cewa ya ɗauko wanda ba shi ba.

Aka karɓe fasfo ɗinmu, aka shigar da ni wani ɗan ofis. Babban ya tuna mini cewa na rantse na san abin da ke cikin kayana. Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya, cewa ƙarya na yi, saƙo ne aka ba ni ban duba ba, kuma wanda ya ba ni maharbi ne. Ya ce in har albarushi ne, kotu zan nufa ba Makka ba, tsohuwa kuma ba za a bar ta ta tafi ita kaɗai ba muharrami ba. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

Muna haka sai ga Inna ta turo ƙofa da sandarta. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗin bai da wayo, amma ba mugu ba ne. A ba ni abin in sansana." Aka miƙa mata. Ta sansana, ta murza a yatsa, ta ce ƙonanniyar saiwa ce da kanwa, kuma mutumin da ya shekara hamsin yana harbi ba ya rikita magani da albarushi ko da ido rufe. Babban ya ce da ita cikin ladabi, Hajiya, maganarki abin ji ce, amma ba ta isa hujja ba.

Natsuwarta ce ta dawo mini da hankalina. Na roƙe shi a ɗebi kaɗan a kai nesa da jirage a kyasta masa ashana. Na ce ni mai gyaran bindiga ne, in albarushi ne zai tashi fuu kafin a ƙifta ido, in kuwa ya tashi a sa mini ankwa a wurin. Ya yarda. Muka zagaya bayan ginin, aka zuba garin a kan siminti. Ashanar farko ta mutu a hannuna. Ta biyu na ɗora ta a kai, garin ya yi ɗan ja, ya fitar da hayaƙi kamar gawayi, ya mutu. Babban ya ɗebo daga ƙasan gwangwani ya gwada da kansa, haka aka sake gani. Inna ta lakato da yatsa ta shafa a gwiwarta a gabansu, ta ce tun da an buɗe ai sai a fara amfani da shi. Har 'yan sandan sai da suka yi dariya.

An mayar mana da fasfo, amma da sauran rigima. Murfin akwatin ya lanƙwashe wajen yanka, kuma an ce ba a ɗora kaya baki buɗe, ga shi an fara kiran sunaye. Na hango wani tsohon bokiti a jefe, na cire mariƙinsa, na mai da gefen dakali uwar maƙera. Na miƙe murfin, na huda, na lanƙwasa ƙarfen ya zama wurin rataya kwado. Wani ɗan kasuwa da ke layinmu ya ba ni kwadonsa na ajiya. Ma'aikacin nan na farko ya jijjiga akwatin, ya gyaɗa kai, ya yi masa alama da alli. Kafin in miƙe sai ga wani tsohon Bafulatani daga yankinmu ya jawo nasa akwatin, wanda aka fasa don ya ɓatar da mabuɗi. Bayansa ga wasu mata biyu, bayansu ga wasu. Ban ƙirga ba, na dai san gudumar ba ta huta ba sai da aka kira mu karo na ƙarshe, kuma babu akwatin da aka bari a ƙasa cikin ayarinmu. Waɗanda suka yi mini dariya ɗazu su ne suka buɗa mana hanya na goya Inna muka hau matakalar jirgi. A Makka ta yi ɗawafinta da ƙafarta, muka dawo gida lafiya.

Na rubuto wannan ne don masu niyyar tafiya. Ku sa wa kayanku kwado mai ƙarfi, amma wanda za ku iya buɗewa nan take in hukuma ta nema, mabuɗin kuma ya kasance a jikinku. Duk saƙon da aka ba ku, ko daga wanda kuka fi yarda da shi ne, ku kwance ku duba a gabansa, ba raini ba ne. Dattijon nan bai cuce ni ba, ni na cuci kaina da gaggawa da rantsuwa a kan abin da ban gani ba, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kanta. Ni gawayi aka samu a gwangwanina na tsira. Wani kuwa in an kyasta wa nasa ashana, tashi zai yi.