Tafiyata Ƙasar Ƙanƙara Daga Saman Soronmu

Ni Kulu ke faɗi, ɗiyata Balki ke rubutawa, don ban san baƙi ba. Ina cikin takabar Malam, Allah shi jiƙan shi, har yau in na ga buzunshi sai na yi kuka. Ɗanmu Lawali yana aikin asibiti can ƙarshen arewacin Kanada, cikin mutanen da ake kira Inuwit. Da ubanshi ya rasu bai zo ba, wai iska ta hana jirgi tashi, kuma garin babu hanyar mota. Na ce ƙarya ce, ina aka taɓa gari babu hanya? Na daina karɓar wayarshi, na riƙe albarkata. Sai ya aiko Balki ta ce mani in zo in gani da idona.

Tashi

Tun kafin asuba na yi shiri: bargon Malam, safa, da ƙwaryar fura ta guzuri. Balki ta fito alwala ta gan ni zaune bakin ƙofa.

"Inna, ina zuwa?"

"Ƙasar ƙanƙara za ni."

"Sai la'asar hwa! Yanzu can barci sukai. Kuma saman soro za mu, nan kaɗai waya ke kamawa."

Haka na wuni cikin bargo ina zufa, don kunyar cirewa.

Shingen tsakar gida

Da la'asar muka kama hanya. Daidai turmi muka ci karo da Yaya Hajo, yayar Malam, wadda ta fi sojan hanyar garin Isa bincike.

"Mai takaba, wa ya ba ki izinin fita?"

"Yaya, soro ai cikin gida yake."

"Tsohuwa da hawan tsani! In kin faɗo mu yi zaman makoki biyu?"

Sai da na bar mata furar ta buɗe hanya. Tsanin kuwa ya fi babur ɗin Sabon Birni girgiza. Balki na turi, ni ina salati.

Isowa

Fuskar Lawali ta fito cikin wayar, ya rame. Ban amsa gaisuwarshi ba, na ce nuna mani hanyar. Ya buɗe ƙofa, sai duhu.

"Kai, dare ne wurinku?"

"Hantsi ne, Inna. Rana ta daɗe ba ta fito ba, sai nan gaba."

Ya juya wayar. Gidaje bisa ƙafafu kamar rumbunanmu, karnuka ɗaure, fari fat ko'ina, babu icce ko na asuwaki. Inda gida na ƙarshe ya tsaya, nan duniya ta ƙare. Ya ce wancan filin teku ne ya daskare, a kanshi suke tafiya farauta, su huda rami su jira dabbar ruwa ta leƙo. Na nemi hanyar mota har na manna hancina ga gilashin wayar. Babu. Ni da ban taɓa wuce Shinkafi ba, ni ce mai ƙaryata ƙasar da ban gani ba.

Masauki

Ya shiga gidan maƙwabciya, wata 'yar tsohuwa mai ƙananan idanu tana ɗinkin fata. Ya ce ita ma mijinta ya rasu. Ranar da labarin Malam ya iske shi, ita ta ji kukanshi ta bango, ta zo da dafaffen kifi ta zauna tare da shi har iskar ta faɗi. Ba ta san Malam ba, ita ce duk 'yan zaman makokin da ɗana ya samu.

Ta matso ta dube ni, ta ɗora hannu ga ƙirji. Na ɗora nawa. Na yi mata gaisuwar rashi da Hausa, ta amsa da nata yaren, muka yi ta kuka, Balki na faɗin in daina ɗiga wa waya hawaye.

Komowa

Rana ta sunkuya, wayar ta fara yankewa.

"Inna, kin gani?"

"Na gani. Lawali, Allah shi yi maka albarka. Ka rufe kunnuwanka, sun yi ja."

Ya ja hularshi ya rufe su, sai wayar ta yanke.

Saukowa ta fi hawa wuya, amma na iso ƙasa da ƙafafuna, na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Gobe za ni sa a daka yaji mai yawa, a nemo mai kai wa tsohuwar nan maƙwabciyar Lawali.