Hannun Maharbi a Ramin Gafiya

Iya, kakata ta wajen uwa, ta zo mana Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, wankan jego, lokacin da Umma ta haifi autanmu. Ina firamare a lokacin, ƙanwata Hanan kuwa ko wanka ba ta iya yi wa kanta ba tukuna. Muna zaune a unguwar Danau Kota, can sama a wani dogon bene, Abba yana koyarwa a jami'a. Tun ranar da Iya ta sauka ta raina garin. Ta ce zafinsa na munafunci ne, rana ba ta fito sosai ba amma mutum ya jiƙe sharkaf. Ta kuma rantse ba za ta yi jego babu garwashi ba, dole Abba ya shiga kasuwar Chow Kit ya nemo mata kasko da gawayi. Da yake hayaƙi yana tayar da ƙararrawar gobara in aka hura a ɗaki, sai kaskon ya koma baranda, Iya ma ta bi shi can da tabarmarta.

Nan muke samunta bayan magariba, tana fifita garwashi da murfin kwano, fitilun gari a ƙasanmu har iya ganin ido. Hausarmu a lokacin abin kunya ce. Ni ina ji amma amsawa sai da ƙyar, Hanan kuwa in Iya ta yi buɗin tatsuniya, ta jira a ce ta zo a ji ta, sai ta ce mata, “Boleh, Iya,” wato “to” da yaren garin. Iya ta yi tsaki, ta ce an haifa mata jikoki sun tashi da bakin tsuntsaye. Duk da haka ba ta taɓa fasa ba mu labari ba, mu ma ba mu taɓa fashin zuwa ba.

Labarin da ya tsaya mini a rai ya samo asali ne daga talabijin. Wata rana da yamma muna kallon shirin namun daji, aka nuno wani ƙaton maciji na Amurka mai kacau-kacau a wutsiya, yana kaɗa ta tana ƙara. Ni da Hanan muka ɗale kujera don tsoro. Iya ta matso ta ƙura masa ido, sannan ta ce ai wannan mai tarbiyya ne, tunda yana sallama kafin ya yi ɓarna. Ta ce mu jira ta gama salla, za ta ba mu labarin wadda ba ta sallama.

Ga yadda labarin yake. Wani saurayin maharbi ne ya fita farauta da abokansa a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ganye duk ya zube, nama ba shi da maɓoya sai rami. Da rana ta take, amaryarsa ta biyo sawu ta kawo musu fura a gora. Tana isowa ta tarar sun sami ramin gafiya a gindin wata tsamiya, karnuka sai haushi suke. Maharbin nan gwani ne wajen zaro gafiya da hannu, ga shi kuma amarya tana kallo. Sai ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu har kafaɗa. Maimakon gashi mai ɗumi, sai ya taɓo abu mai sanyi, mai kauri, mai kaushi. Kasa ce, macijiyar nan mai mugun dafi, ta riga su shiga ramin, ta haɗiye gafiyar, ta kwanta shan sanyi. Da ta ji hannu bai motsa ba, sai ta ɗora kanta a kansa ta ci gaba da hutawarta.

Sau ɗaya Iya ta kira ta da sunanta. Daga nan sai dai ta ce “mutuniyar”, don ba a ambaton sunan abin ƙasa in duhu ya shiga. Ta kwatanta mana kaurinta da cinyar Abba, ta kwatanta kanta da faɗin ludayi, sannan ta sunkuya kan kasko ta hura garwashi a hankali don mu ji yadda mutuniyar take huci. Hanan ta cusa hannuwanta biyu cikin riga.

Muna jiran mu ji abin da ya faru, sai Iya ta ajiye murfin kwano ta ce, “To, ga shi nan kwance, rana tana dukan bayansa, abokai sun kewaye shi. Ku ciro mini shi.”

Na ɗauka wasa take. Na ce ta ƙarasa mana, ta ce ita ma iya nan ta sani, in muna son ƙarshe sai mu nemo. Nan take na ce ai abin mai sauƙi ne, ya fizge hannunsa da sauri. Iya ta ce in kawo nawa hannun. Ta rufe shi da gefen mayafinta, ta ɗora nata a kai, ta ce in fizge duk lokacin da na ga dama. Ko motsin kirki ban yi ba na ji mintsini. Na sake, ta sake. Tsohuwar da ke ɗaukar rabin yini kafin ta miƙe daga tabarma, amma ban taɓa tsere wa farcenta ba. Ta ce to ita ke nan mai ciwon gwiwa, ina ga mutuniyar.

Daga ranar gidanmu ya rikice. A makaranta malama tana rubutu a allo, ni hankalina yana gindin tsamiya. Kullum da yamma mu zo da sabuwar dabara, Iya ta saurara da gaske, ba irin sauraron da manya ke yi wa yara ba, ta juya ta, ta auna, sannan ta rushe. Na ce a haƙa ramin ta baya, ta ce ƙasa za ta rufto mata a ka, haushin kuwa a kan hannun za ta huce shi. Na ce a kwarara ruwa, ta ce ruwa zai koro ta ne ta inda hannun yake. Na ce a ɗaure ɗan tsako a ɗaya bakin ramin, tunda Iya da kanta ta gaya mana gafiya ba ta gina gida sai da ƙofar gudu. Iya ta ce wanda ya ƙoshi da gafiya guda me zai yi da tsako. Hanan ta taɓa ganin ma'aikatan kashe gobara sun zo sun kama mesa a magudanar ruwa ta bayan benenmu, don haka ta ce, “A kira bomba lah, Iya,” don haka ake kiransu a garin. Da na fassara mata, Iya ta yi dariya har da hawaye, ta ce kafin su sami bizar zuwa can gida Tudun Wada ai mutum ya bushe.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Gardama ba ta yiwuwa da tafinta, kuma Iya ba ta karɓar dabara sai da Hausa. Na koyi “rufta” da “fizga” da “sanɗa” duk a kan maharbin nan. Na tsani kasar nan kamar na taɓa ganinta, shi kuwa ina jin tausayinsa har cikin raina. In na kwanta sai in tuna ni ga ni a kan katifa, fanka tana kaɗa ni, shi kuwa yana can kife a rana tun makon jiya.

Sai ga arba'in ta matso, Abba ya fara maganar jirgin Iya. Nan hankalina ya tashi sosai. Na roƙe ta, na yi fushi, na yi mata alkawarin ɗaukar mata jaka har filin jirgi, ta ce ko kusa. In ba mu ciro shi ba, haka za ta koma da shi Najeriya da hannu a rami.

Ana jibi za ta tafi, aka yi ruwan la'asar irin na garin nan, mai zuwa kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke nan da nan. Baranda ta yi sanyi. Ni dabaruna sun ƙare, ina zaune ina tsokanar garwashi da tsinke. Hanan ce ta ɗago daga cinyar Iya ta yi tambayar da ban taɓa yi ba, wai me ya sa mutuniyar ta shiga ramin tun farko. Iya ta ce zafi ne ya kore ta. Hanan ta ce to in rana ta faɗi fa? Iya ta ce in ƙasa ta huce sai ta fito ta kama gabanta.

“To kar a yi komai,” in ji Hanan. “A yi masa inuwa. Amarya ta ba shi ruwa. A jira.”

Na buɗe baki zan yi mata dariya, sai na ga Iya ta daina fifita. Ta ce hannun zai sage. Hanan ta ce ai gara, ba zai motsa ba ke nan. Ta ce tururuwa za su hau shi, Hanan ta ce amarya ta riƙa tsince su ɗaya-ɗaya. Ta ce karnuka fa, na yi wuf na ce a ɗaure su can nesa. Ta ce tsoro zai sa shi karkarwa, ko barci ya sace shi ya zabura. Hanan ta ce sai amarya ta zauna kusa da kunnensa tana yi masa tatsuniya. Iya ta ce ba a tatsuniya da rana.

“Yau kaɗai lah, Iya,” in ji Hanan.

Iya ta daɗe tana kallon kasko. Mu kuwa muna jiran ta inda za ta ɓullo ta rushe. Can sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta gyara murya, ta ɗauki labarin daga inda ta ajiye shi kamar dama can ta san shi. Abokai suka tuɓe rigunansu suka kafa masa rumfa. Amarya ta jiƙa bakin zanenta tana ɗiga masa ruwa a leɓe, tana ba shi labarin gizo ƙasa-ƙasa. Inuwar tsamiya ta juya, ta yi tsawo. Tsuntsaye suka fara komawa sheƙa. Sai maharbi ya ji nauyi ya ɗaga daga hannunsa, ya ji kaushi yana gogar yatsunsa, yana wucewa, yana wucewa, kamar ba zai ƙare ba. Wanda aka sa gadin ƙofar baya ya ga kai ya leƙo, faffaɗa, sannan gangar jiki ta biyo, ta ja ciki ta shige ciyawa ko waiwaye babu. Maharbi ya zaro hannunsa, ya ƙirga yatsunsa, biyar cif.

Ihun da muka yi sai da jariri ya farka. Na ɗauki Hanan na juya da ita, muka kusa kifar da kasko, maƙwabcinmu na ƙasa ya buga silin da sandar shara. Iya ta rufe tatsuniyar da kan ɓera yadda ake rufewa, muryarta tana ɗan rawa, na ɗauka dariya ce. A daren nan ta ce Hanan ta kwana a bayanta.

Na girma a garin nan, na yi aure a nan, Iya kuwa ba ta sake zuwa ba har Allah ya karɓi abarsa. Bayan rasuwarta, wata rana na je gaida Umma, muna hirar Iya, sai na tuno mata da maharbin ina dariya. Umma ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko ban taɓa mamakin abin da ya sa ba ta ba ni labarin mahaifinta ba. Ta ce maharbin nan shi ne. Amaryar kuwa Iya ce, da cikin Umma wata kaɗan. A ranar da abin ya faru da gaske abokansa sun ruɗe, kowa yana son ya yi wani abu, aka tara karmami aka banka hayaƙi ta ƙofar baya don a kori kasar. Ta kuwa sare shi. Bai kai la'asar ba. Umma ta ce su ma haka Iya ta ba su wannan labari suna yara, da su da 'ya'yan maƙwabta, kullum a nan take tsayawa, kuma babu wanda ya taɓa ciro shi.

Abin da ya fara zo mini shi ne mun yi mata mugunta ba mu sani ba, muna tsalle muna murna, alhali mun nuna wa tsohuwa cewa da an zauna kawai da wataƙila mijinta ya koma gida. Har yau ban san ko dabarar Hanan za ta yi aiki a dajin gaske ba, wannan sai masana macizai. Amma na san ta canja ni. Ni mutum ne mai gaggawa, in wani nawa ya shiga matsala sai in ji kamar in ban yi wani abu nan take ba na ci amanarsa. Sau da yawa yanzu nakan tsaya in tambayi kaina ko taimakon nan don shi ne, ko don in sami sauƙin tsorona ne. Wani lokaci abin da ake bukata a wurina in zauna kusa ne kawai, in yi haƙuri, kuma wannan ya fi kowane aiki wuya.

Na gaya wa Umma damuwata, na ce ina ma Hanan ta yi shiru a ranar. Umma ta girgiza kai. Ta ce ai tunda Iya ta koma gida ba ta sake tsayawa a tsakiyar labarin ba, har ƙarshe take kai shi, ta ba duk yaron da ya shigo gidan, tana yi tana annashuwa. Yaran da suka san shi a da babu ƙarshe sukan tambaye ta yaya aka yi ya fito bana. Sai ta ce musu jikarta ce ta ciro mata shi, a can Maleshiya.