Kuskuren da Na Haddace

Ina da shekara talatin da huɗu, da haddar Alƙur'ani, da mata da 'ya'ya uku, na fara koyon Turanci. Wata makaranta ce a Ƙaraye take neman malamin Alƙur'ani, amma sai wanda zai iya rubuta rahoton ɗalibai da Turanci. Gonarmu ta Falgore an raba ta gida biyar, abin da nake nomawa ba ya kai mu damina. Ina son aikin nan, ba ɓoye-ɓoye.

Aka haɗa ni da wani tsohon hedimasta a Rogo Sabon Gari, mai kaifin baki amma ba ya rowar ilimi. Sharaɗinsa ɗaya: in rubuta jimla goma duk mako, in kawo masa ran kasuwa ya duba.

To ni ɗan tsangaya ne. A wurinmu abin da ke kan allo daga Littafi aka ɗauko shi, babu tantama a kansa, aikinka kawai ka riƙe. Sai na manta cewa waɗannan jimlolin daga kaina suka fito. Na rubuta su, na yi ta bitarsu a gona da kan babur har suka zauna daram. Da na isa, ban ko buɗe takardar ba, na tanƙwashe ƙafa na zubo masa su da ka, ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Alaramma, wa ya ce ka haddace?"

"Ranka ya daɗe, ai ba a zuwa gaban malami da karatun da bai zauna ba."

Ya karɓi takardar, ya bi ta da jan biro. Bakwai cikin goma ba su tsira ba. Wata kalmar ba muhallinta ba ne, wata kuma na sa ta gaba alhali baya take. Ya gyara, ya ce in maimaita. Na buɗe baki, sai ga tsohuwar jimlar ta fito da kuskurenta cif. Sau huɗu ana haka. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan kai naka siminti ne, abin da ya taka shi yana ɗanye ya zauna kenan."

Na ji haushi ƙwarai. Ni da ake gayyata tilawa har Ƙaraye, yau haddata ce abin dariya? Mako guda ban koma ba. Amma haushi bai ƙara mana hatsi a rumbu ba, na tattara girman kaina na koma.

Ya kafa mini doka: fensir kawai, kuma kada in maimaita jimla da baki sai ya duba ta. Kowace kalma in tsare ta in tambaye ta me ya kawo ta nan. Wallahi riƙe izu bai taɓa ba ni wuya irin wannan ba. Shekara ashirin ina horar da kaina kada in yi shakka, ga shi ana koya mini shakka. Wata biyar muna haka, jan biron yana raguwa, amma bai ƙare ba.

Ranar jarrabawar ɗaukar aikin na yi abin da zan iya. Na rubuta, na goge, na sake.

Bayan mako biyu aka manna sakamako a jikin ƙofar makarantar, duk da Turanci. Na bi sunayen da yatsa sau biyu, babu nawa. Na tuna iyalina da ke jiran labari. A ƙasa akwai wasu layuka uku. Na tsaya na karanta su a hankali, kalma bayan kalma: za a sake ɗaukar malami ɗaya bayan kaka, waɗanda ba su dace ba suna iya sake nema.

Wani dattijo da ke gefena, shi ma bai ga sunansa ba, ya taɓa ni. "Malam, don Allah me suka ce a nan ƙasa?"

Na waiga in ga wa yake tambaya. Ni ne. Na fassara masa tsaf, sannan na tambaye shi inda ake sayar da fensir a kusa.