Gwangwanin Kifin Hajiya

Bayan rasuwar maiɗakina, matan gidanmu da ke kusa da Ƙofar Doka sun haɗu a kan magana ɗaya: babu mai sake fitar da kek ɗin kifi daga gwangwaninsa bai farfashe ba. Gwangwani ne mai siffar kifi, wanda Hajiya ta yi shekara da shekaru tana gashi da shi a tukunya mai yashi, garwashi a kan murfi. 'Ya'yana mata biyu sun gwada, kowaccensu wutsiyar ta manne mata.

Laifin nawa ne. A makon ta'aziyya na gan shi baƙi ƙirin, na ce abin kunya ne masu zuwa gaisuwa su gani, na sa aka dirje shi da toka har ya yi ƙyalli. Ban san cewa wannan baƙin maiƙon shekaru ne da ke hana kek kamawa ba.

Ga shi kuma marigayiya ta yi wa jikarmu alkawarin kifin ranar saukar karatunta. Ni da na yi aikin gwamnati har na yi ritaya ban taɓa riƙe ludayi ba, na ɗauki gwangwanin na tafi Tukur-Tukur wurin yayar marigayiya.

"Alhaji, yau kai ne da gwangwani a hammata?" in ji ta. Da ta juya shi ta ga yana walƙiya, sai dariyar ta ɗauke. "Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ne, Yaya."

"To, Allah Ya yafe maka. Zauna."

Ta ce in narkar da bota, in bi kowane lungu da gashin kaza, har ramin ido. In barbaɗa fulawa, in kife gwangwanin in bubbuga. In ya gasu kada in juye shi da zafinsa, kada kuma in bari ya huce sarai.

Sau huɗu ina yi. Ranar sauka kifin ya fito babu kai. Na rufe shi da faifai, na sa babbar riga, na tafi Gyallesu wurin saukar hannu rabbana.

"Tsoho, ina kifina?" in ji jikar tawa a gaban mutane.

"Yana ruwa tukuna, Malama."

Ta yi dariya, sannan ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Ban daina ba. Kowane gashi yana barin ɗan maiƙo, har wata safiya na kife gwangwanin, kifin ya sauka a faranti cif, da kai da wutsiya. Na kai mata da kaina. Ta ɓalli gefe ta tauna.

"Na Hajiya ya fi laushi," ta ce. "Amma na karɓa, Tsoho."

Ina so 'ya'yana su rubuta wannan rana: Alhamis ta ƙarshen Sha'aban, kwana tara bayan lokacin da ya kamata.