Kunun Ɗura

Yau autata ta tofar da kunun gyaɗa a zanena, sai na tuna marigayiya uwar mijina ta Ƙofar Wambai. Ita ba ta san lallashi ba. Ranar da na kai mata ɗan farina yaye, ya ƙi kunu. Ta matse shi a cinya, ta toshe masa hanci, ta tara tafinta a bakinsa tana ɗura masa. Yana harbe-harbe, idonsa a kaina.

Na ce, "Inna, zai ƙware!"

Ta ce, "Ubansa ma haka ya sha. Fita ki ba ni wuri."

Yanzu da gemunsa, amma ƙanshin kunu tayar masa da zuciya yake yi. Allah Ya jiƙanta, Ya shayar da ita ruwan Alkausara a hankali, ba da ɗura ba.